Ƙauyenmu ƙarami ne: ta wace ƙofa kuɗin gwamnati zai iso mu mu samu hafir?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne magatakardan lajnar (kwamitin) ƙauyenmu a kudancin wilayar Gadarif, ta wajen Hawata amma nesa da kogin Rahad. Gidajenmu ba su wuce 120 ba. Da Janairu ta wuce tafkinmu ya ƙafe, sai sayen ruwan karo (keken jaki) da ake ɗebowa daga tafiyar awa biyu. Muna jin ana cewa gwamnati na da kuɗin ayyukan karkara. Mun kai takarda mahaliyya muna neman hafir, aka ce mu yi haƙuri, mutanenmu kaɗan ne. Da gaske akwai irin wannan kuɗi? Idan akwai, ta ina ake shiga?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da ɗawainiyar jama'a da kuke yi. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko hukuma na ware kuɗi don ƙananan ayyuka irin hafir (babban tafki da ake haƙawa don tara ruwan damina), burtsatse, aji biyu na makaranta ko ɗakin shan magani a wuraren da mutane ba su da yawa, sannan yadda ƙauye mai gida 120 zai kai hannu gare shi. Na daɗe ina aikin ruwan karkara a Sudan, tsakanin Gadarif, Sinnar da Nilul Azrak, kuma takarda irin taku ta sha zuwa gabana. Kuɗin akwai shi, ko da yake yau ya yi ƙaranci ƙwarai. Maganar da aka faɗa muku a mahaliyya kuwa, duk da ba ta da daɗin ji, lissafi ne ma'aikacin ya yi a ransa bai bayyana muku ba. Wannan lissafin nake so ku iya, don da shi za ku koma ofishin.

Inda kuɗin yake fitowa

Mulki a Sudan hawa uku ne: tarayya, wilaya (jiha), mahaliyya (ƙaramar hukuma). A takarda, ruwan shan ƙauye da makarantar firamare da ƙaramin asibiti nauyin wilaya da mahaliyya ne. Mahaliyya tana tara nata daga kasuwa, harajin dabbobi da na amfanin gona, sai abin da wilaya ta sauko mata da shi. Amma kusan duk abin da ya shigo albashi ke cinye shi, abin da 'yan ofis ke kira fasali na farko. Kason raya ƙasa shi ne na ƙarshe wajen biya, shi ne na farko wajen yankewa. Abin ya ƙara tsananta bayan 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. Shi ya sa yawancin hafir da donki (burtsatse mai inji da tanki a sama) da aka yi a karkara cikin shekaru ashirin ɗin nan, daga asusu na musamman suka fito, waɗanda ake kafawa na ɗan lokaci su yi aiki su rufe.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 an kafa Asusun Raya Al'umma, wanda gwamnati da ƙasashe masu ba da tallafi suka zuba wa kuɗi, Bankin Duniya yana sa ido a kansa. Ya yi aiki a wasu mahaliyyoyin Nilul Azrak, Kasala, Kurdufan ta Arewa da ta Kudu. A ganina shi ne tsarin da ya fi dacewa da ƙauye irin naku. Mutane su zauna su zaɓi abin da ya fi damunsu, su kafa kwamiti, su kawo nasu kason, kuɗi ne ko aikin hannu ko yashi da dutse, asusun ya cika sauran. Ya rufe tuntuni, amma kusan duk ƙungiyar da za ta zo muku yau wannan salon take bi, don haka ku riƙe shi.

Wanda ya shafi Gadarif kai tsaye shi ne Asusun Sake Gina Gabashin Sudan, wanda ya fito daga yarjejeniyar Asmara ta Oktoban 2006. Gwamnati ta yi alƙawarin dala miliyan 600 cikin shekara biyar ga wilayoyin Bahar Maliya, Kasala da Gadarif. A Disamban 2010 aka yi taron masu ba da tallafi a Kuwait, aka yi alƙawarin wajen dala biliyan 3.5. Alƙawari daban, abin da ya iso daban, kuma abin da ya fi fitowa fili manyan ayyuka ne, hanyoyi da lantarki da madatsun Atbara ta Sama da Sitit. A 2016 aka ƙaddamar da shirin Zero Atash, ana cewa zuwa 2020 ba sauran ƙishirwa a karkara, hukumar gina madatsun ruwa ta haƙa hafir da ƙananan madatsu a wilayoyi da dama. A yankin Butana kuma IFAD, asusun raya aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi shekaru tana aiki da kwamitocin ƙauyuka kan ruwa da makiyaya.

Daga nan sai ƙofofi suka fara rufewa. Bayan juyin mulkin Oktoban 2021 Bankin Duniya ya dakatar da ba gwamnati kuɗi, yaƙi kuma ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023. Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Kartum, Jazira da Sinnar, a kan 'yan gudun hijirar Habasha da suka shigo tun ƙarshen 2020 aka zaunar da su a Um Rakuba da Tunaidba. Abu biyu wannan ya haifar muku. Kuɗin wilaya ya karkata ga tsaro da masu gudun hijira. A ɗaya gefen, kuɗin waje yanzu ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin UNICEF da ƙungiyoyin agaji yake bi, waɗannan kuwa sun yawaita a wilayarku, kuma ƙa'idarsu ce su taɓa wa al'ummar da ta karɓi baƙi wani abu. Sai dai su ma ba sa shiga ƙauye da ka. Jerin buƙatun mahaliyya da na hukumar ruwan wilaya suke dubawa. Ƙauyen da ba ya cikin jerin, ko mai kuɗin ya zo ba zai gan shi ba.

Dalilin da aka ce kun yi kaɗan

Ɗauko alƙalami mu yi tare, da alƙaluma na misali, kai ka sa na gaskiya daga baya. Gida 120, a ce mutum shida-shida, mutum 720 ke nan. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar lita 15 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci. Mu sa 20, ya zama lita 14,400. A ce kuna da shanu 300, kowace na shan lita 30, da tumaki da awaki 1,000 masu shan lita 5, ƙarin lita 14,000. A rana kuna buƙatar wajen mita kubik 28. Rani daga Nuwamba zuwa Yuni kwana 240 ne, jimla wajen mita kubik 6,800. Rana da iska suna shanye kusan rabin ruwan hafir marar zurfi, don haka ku ninka, 14,000 za ta ishe ku. Hafir ɗin da hukumar ruwa ta saba tsarawa kuwa yawanci daga mita kubik 30,000 ne zuwa 50,000. Ka ga ko rabin ƙaramin ba ku kai ba.

Za ka ce to a haƙa muku ɗan daidai ku. A nan ne tsadar take. Katafila da loda sai an ɗoro su a kan babbar mota daga garin Gadarif, a kawo musu gas (dizal) da direbobi da makaniki, a tsugunar da su makonni. Wannan kuɗin bai san girman rami ba, kamar hayar lori ce, buhu goma ka ɗora ko ɗari biyu, mai mota kuɗin tafiyarsa zai karɓa. Haka shinge, da mashigar ruwa, da rijiyar fitarwa, da wurin tacewa, ba sa raguwa rabi don rami ya ragu rabi. Ma'aikacin da ke da kuɗin hafir uku a shekara da takardu arba'in a kan teburinsa, raba kuɗin aiki yake yi da yawan masu sha. Ƙauye mai mutum 4,000 zai riga ku kullum, kuma ni da kaina da na zauna a irin kujerar haka na yi.

Mafita ita ce ku canja adadin da ake rabawa da shi. Ku duba ƙauyukan da ke kewaye da ku cikin tazarar kilomita biyar ko makamancin haka, waɗanda su ma ruwan karo suke saye, ku shigar da takarda guda da sunan ku duka. Ku ƙidaya makiyayan da ke sauka kusa da ku da rani, da 'yan ƙodagon da ke zuwa yankan riɗi da dawa, da duk wanda yaƙi ya koro ya zauna cikinku. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan ta 2008 ce, adadin da ke ofis game da ku tsoho ne, mai yiwuwa ma ƙauyenku an haɗe shi da wani. Ku bi gida-gida ku yi taku ƙidayar, sunan mai gida, yawan iyali, yawan dabbobi, shehin ƙauye ya buga hatimi.

Na taɓa karɓar irin wannan takarda daga ƙauyuka uku, biyu na Hausawa ɗaya na Masalit, da wata rugar Fulani. A littafin makaranta aka rubuta ta, shafi bayan shafi na sunaye, kowane da dangwalen yatsa da tawadar biro, a ƙarshe hatimi uku da sa hannun ardo. A shafin baya wani malamin makaranta ya zana taswira da fensir: ga ƙoramar da ke kawo ruwa, ga burtali, ga inda kowane ƙauye yake, da minti nawa jaki ke yi zuwa wurin da suka zaɓa. Sun kuma rubuta kuɗin da gida ke kashewa a kan ruwan karo a watan Afrilu. Daraktan da ya karanta bai tambaye su komai ba sai ranar da za a je auna ƙasa. Abin da ya fi ba su wuya, kamar yadda suka gaya mini, ba ofis ba ne, yarda da wurin ne, don kowane shehi yana son hafir a bakin ƙauyensa. Gangaren ƙasa ya raba gardamar: inda ruwan damina ke taruwa da kansa, nan aka sa.

Hafir ko burtsatse

Kada ku kafe a kan hafir kafin a duba ƙasa, kada kuma wani ya ruɗe ku da burtsatse. Yawancin filin laka na kudanci da yammacin Gadarif a kan tsohon dutse yake zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsage-tsage. An sha haƙawa a tarar ba komai, ko a samu ruwa mai gishiri. Garin Gadarif kansa tun da daɗewa daga Shuwak ake jawo masa ruwan kogin Atbara. Kusa da Rahad akan samu ruwa a yashin gaɓar kogi, kuma idan tazarar ba ta yi yawa ba, rijiya a can da famfo mai aiki da hasken rana da bututu zuwa tankinku ya fi hafir tsabta nesa ba kusa ba. Ku da kuke awa biyu daga ruwa, na fi zaton hafir ne rabonku, laka kuwa ita ce alherinku a nan, don tana riƙe ruwa ba ya tsiyaye ƙasa. Zato ne na wanda bai taka wurin ba. Sai injiniyan hukumar ruwa ya zo ya haƙa ramin gwaji ya ga zurfin lakar, ya bi ƙoramar ya ga ko tana kawo abin da zai cika ramin. Ku nemi wannan ziyarar da farko, ko da ku za ku biya kuɗin man motarsa, don takarda mai rahoton injiniya a manne ta sha gaban wadda ba ta da shi.

Idan hafir ne, ku dage a kan zurfi fiye da faɗi, da shinge mai ƙarfi, da ƙaramin rami a gaba wanda zai tare laka kafin ruwa ya shiga, da wurin shan dabbobi daban a waje. Hafir marar shinge cikin shekara biyu ya zama tafkin da kuke da shi yanzu, shanu a ciki har gwiwa, yara na ɗiba a gefe, zawo da tsargiya na biye.

Maganar ƙasa

Wannan kada ku yi wasa da ita. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, dokar 1984 kuma ta bar wa mutane haƙƙin amfani da ita. A aikace, filin da kuke ganin naku ne yana iya kasancewa cikin mashru'in wani babban manomi, wato gandunsa na noman inji, a taswirar ofishin noma, ko a kan burtalin makiyaya, ko ƙarƙashin wani umda (basaraken da ke sama da shehin ƙauye) da ba a tuntuɓa ba. Ba mai ba da kuɗin da zai taɓa fili mai gardama. Mu Hausawa kuma mun ga abin da ya faru a Nilul Azrak a Yulin 2022, inda taƙaddama kan ƙasa da sarauta ta ci rayuka masu yawa ta raba dubbai da gidajensu. Hafir sabo yana jawo garke daga nesa, garke kuma yana bi ta gonaki. Ku samu takardar sadaukar da filin daga mai shi, shehi da umda su sa hannu, mahaliyya ta tabbatar. Ku zauna da shugabannin makiyaya tun kafin a kawo inji, a yarda da hanyar da dabbobi za su bi da abin da za su biya. Haɗa kai da maƙwabtan da ba Hausawa ba yana ƙara muku adadi, yana kuma hana a ce Hausawa sun kafa ruwa don su mallake wuri.

Lokaci da kwamiti

Shekarar kasafin kuɗi a Sudan daga Janairu take zuwa Disamba, ana tattara buƙatu daga ƙarshen damina. Takardar da ta isa a Maris, lokacin da ƙishirwa ta ishe ku, ta makara da wata biyar. Haƙa kuwa sai da rani, don da ruwa ya sauka a Yuni ba injin da zai motsa a lakar nan. Saboda haka ku shirya komai da damina, ku shigar a Satumba ko Oktoba, kofi ɗaya ga mahaliyya ta hannun wahda idariyya (ƙaramin ofishin mahaliyya na yankinku), ɗaya ga hukumar ruwan wilaya, ɗaya ga ofishin hukumar agajin jinƙai da ke daidaita aikin ƙungiyoyi. Kowane kofi a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Sannan a sa mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙa leƙawa.

Ku yi wa kwamitinku rajista a matsayin jam'iyya, wato ƙungiyar jama'a da hukuma ta sani, ku buɗe asusun banki da sunanta, mutum uku masu sa hannu. Tara kuɗin jama'a a Bankak ɗin (asusun banki na waya) mutum guda, komai amanarsa, yana kashe zumunci, kuma ba ƙungiyar da za ta tura kuɗi can. Ku sa mata a kwamitin da gaske. Masu ba da tallafi suna tambaya, amma ko ba su tambaya ba, matan ne suka san jarka nawa gida ke sha.

Akwai ƙofar da mutane ke mantawa, Diwanin Zakka. Zakkar amfanin gona a Sudan hukuma ke karɓa, Gadarif kuwa tana cikin wilayoyin da suka fi bayarwa saboda dawa da riɗi. Diwanin yana da kwamitoci har matakin ƙauye, kuma yakan sa hannu a ayyukan ruwa da lafiya na talakawa. Da wuya ya ɗauki hafir gaba ɗaya, amma shinge ko tanki ko famfo yana iya fitowa daga nan. Haka 'ya'yanku da ke Jidda da Makka, gudummawarsu ta fi amfani idan ta zama kason al'umma da za ku nuna a takardar banki. Bashin ƙananan sana'o'i, wanda Babban Bankin Sudan ya taɓa umartar bankuna su ware masa kashi 12 cikin 100 na abin da suke bayarwa, ban ba ku shawarar ku ci shi don hafir ba. Ya dace da famfon lambu mai kawo riba wata-wata, ruwan sha ba ya biyan bashi da wannan saurin.

Bayan an haƙa

Duk asusun da na lissafa maka kuɗin gini suke bayarwa, ba wanda ke ba da na gyara. Karkararmu cike take da donki mai tanki a tsaye inji a mace, da hafir da laka ta cike, kowane da allon wanda ya gina shi. A ƙauye mai mutane kaɗan abin ya fi muni, don masu biyan kuɗin ruwa kaɗan ne, mai gadi da makaniki kuwa albashinsu ɗaya ne ko ina. Wannan ma dalili ne na haɗuwa da maƙwabta. Tun a takardar neman ku rubuta nawa za a biya kan jarka, kan ganga, kan saniya, wa zai riƙe littafi, nawa za a ajiye don yashe laka bayan 'yan shekaru. Da yadda fam ɗin Sudan ke faɗuwa, kuɗin ajiya a banki narkewa yake yi. Wasu kwamitoci kan mayar da shi buhunan dawa ko kayan gyara, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ku kuma tambaya tun farko wa zai mallaki wurin, don a wurare da yawa hukumar ruwan wilaya ce ke karɓar ragamar donki da hafir tana ɗaukar kaso daga kuɗin shiga. Ko wane tsari aka yarda da shi, a rubuta.

Ba zan ce maka idan kun yi duk wannan bana za a haƙa ba. Da yaƙin da ake ciki, takarda mai kyau ma tana iya kwana biyu a jeri. Kafin nan, da tafkinku ya bushe a Fabrairu, ku kira nafir, wato aikin gayya, ku yashe lakar da ta taru, ku zurfafa gefe ɗaya, ku tara ƙasar a bayansa ta zama ganuwa, ku kewaye da ƙaya. Idan wani mai mashru' na kusa yana da loda, ku biya shi gas na 'yan kwanaki. Ƙarin mita ɗaya na zurfi yana iya ƙara muku makonni na ruwa. Ku ɗauki hoton aikin da waya, ku rubuta mutum nawa suka fito da abin da aka kashe, ku manna a cikin takardar da za ku kai a Satumba.